Tsokaci kan kalmar "gatecrasher" da ɗan gayyar soɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata kalmar Turanci da ta shigo bakin matasanmu a nan Zariya, wadda suke jifan duk wanda ya halarci biki ba a gayyace shi ba da ita. Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma duk lokacin da ɗalibi ya tambaye ni ma'anar "gatecrasher", sai in ce masa ɗan gayyar soɗi ne, mu wuce. Sai a 'yan kwanakin nan na gane cewa fassarar da na yi ta bayarwa ba ta cika ba.

Kalmar haɗi ce ta "gate", wato ƙofar shiga, da "crash", wato a banke abu da ƙarfi, kuma ta yaɗu ne a Amurka a shekarun 1920. Daga gare ta aka samu "party crasher" da "wedding crasher". Akwai kuma "freeloader", wanda burinsa kawai ya ci ya sha a aljihun wani, kusan abin da muke kira ci-ma-zaune. Abin lura shi ne, kalmar "gatecrasher" ba ta da ma'ana sai in akwai ƙofa a rufe da mai tsaronta da jerin sunaye a hannunsa. Shi ya sa jaridun Amurka suka yi ta maimaita ta a watan Nuwamba na 2009, lokacin da Tareq Salahi da matarsa Michaele suka shige liyafar da Shugaba Barack Obama ya shirya wa firaministan Indiya Manmohan Singh a fadar White House, har suka gaisa da shugaban alhali babu sunansu a cikin jerin baƙi, lamarin da ya kai ga zaman bincike a majalisa. A wurin Amurkawa kutse ne, kuma keta tsaro ne.

Gayyar soɗi kuwa zolaya ce, ba tuhuma ba. A cikin birni, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Doka, ana ɗaura aure ne a ƙofar gida ko a masallaci, a shimfiɗa tabarmi, a raba goro da alawa, kuma sanarwar da liman ya yi bayan salla ita ce katin kowa. Wanda ya zo wucewa ya ga taro zai tsaya a shafa fatiha da shi. Haka suna, haka jana'iza, wadda ma kunya ce a ce mutum ya zauna yana jiran a aiko masa. Hausawa na cewa bikin farar kaza, balbela ba gayya. Ɗan gayyar soɗi dai a yi masa dariya, a ce ga su nan sun iso, sannan a zuba masa tuwonsa.

Ba na cewa shiga walimar mutane ba izini abin yabo ne. Malamanmu suna karantar da hadisin sahabin da ya gayyaci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da mutum huɗu, sai wani ya biyo su, da suka isa sai Manzon Allah ya sanar da mai gida cewa wannan ya biyo mu, in ka so ka yi masa izini, mai gida kuma ya yi masa. Larabawa ma suna da sunan da suke kiran irin wannan baƙo, wato ɗufaili. Kuma wanda ya kama zauren biki da kuɗi, aka ƙirga masa kujeru da faranti, yana da hujjar taƙaita jama'a.

Sai dai ga abin da idona ya gani a watan jiya a bakin wani zauren biki. Gwaggon ango, wadda ta goya shi tun yana jariri, ta sauko daga Keke Napep da kwanon samira cike da dubulan a ƙunshe cikin ɗankwali. Wani ƙato mai baƙar riga ya tare ƙofa ya ce, "Hajiya, ina katinki?" Ta ce, "Kati kuma, yaro? Ai ɗana ne ake wa auren." Ya nuna mata rubutun da aka liƙa, "Strictly by invitation", wanda ba ta iya karantawa ba. Wasu 'yan mata da ke bayanta suka yi ƙus-ƙus, na ji ɗaya ta ambaci kalmar nan, suka tuntsire da dariya. Baiwar Allah ta koma gefe ta zauna a kan dakali, kwanon a cinyarta, har sai da na shiga na nemo ƙanin ango ya fito yana ba ta haƙuri.

Roƙona ga masu fassarar labarai a wannan jarida, da abokan aikina malamai, shi ne idan an ci karo da "gatecrasher" a rubuta mai kutse, a bar gayyar soɗi a muhallinta na raha. Ni dai na riga na gyara a littafin darasina, kuma zan faɗa wa ɗalibaina dalili idan an koma hutu.

Naka,
Wani malamin Turanci,
Tudun Wada, Zariya.