A Daina Yi wa Magidanta Jarrabawar 'Yan Firamare

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan ilimin manya. Duk 8 ga Satumba akan yi bikin ranar yaƙi da jahilci ta duniya, a sha jawabai a watse, amma mu da ke riƙe da alli ba kasafai ake jin ta bakinmu ba.

Ina koyar da magidanta bayan sallar isha'i a ajin da ƙungiyar unguwarmu ta buɗe a nan Kano. Akwai tela, akwai direban a-daidaita-sahu, akwai wani dattijo mai sayar da hatsi a Dawanau. Babu wanda ya baro iyalinsa da dare don ya rera "ba, be, bi, bo, bu". Shi Baba mai hatsi alat ne ya kawo shi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma taransifa, shi kuma sai ya miƙa wa yaron shago waya ya duba masa ko kuɗi sun shigo. Mutumin da ke lissafin kuɗin buhu ɗari da ka, in ka ɗora masa ɗaya a tara da ɗaya ka ci mutuncinsa, gobe ba za ka gan shi ba. Da shi sai muka fara da bambancin 50,000 da 500,000 a fuskar wayarsa. Tela kuwa awo yake so ya rubuta da sunan mai kaya, don ya gaji da rigimar ɗinkin sallah.

Galibinsu sun yi makarantar allo, wasu har suna rubuta ajami. Wanda ya san yadda baƙi da wasali ke haɗuwa ai ba daga farko zai fara ba. Nakan rubuta kalma da ajami, in sa ta boko a gefenta, sai ka ga karatu yana gudu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen auna ci gabansu. Masu tallafa mana sukan aiko da takardar jarrabawa iri ɗaya ga kowa, ta cike gurbi, an buga ta da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe, a zauna shiru kamar 'yan aji uku. Mutum ya haura hamsin, ba tabarau, ga fitila mai caji tana lumshewa: idonsa aka gwada ko karatunsa? Daga nan sai a ƙirga sunayen rajista a rubuta rahoto. Wanda ya tafi gona da damina ko aikin dare ya riƙe shi, sai a ce ya gudu.

Ni littafi na tanada, kowane ɗalibi da shafinsa. Ranar da ya fara zuwa nakan tambaye shi abin da ya kawo shi, in rubuta yadda ya faɗa, in ajiye rubutunsa na farko komai karkacewarsa. Ƙarshen wata sai in kira shi gefe, ba a gaban jama'a ba, ya karanta mini alat na gaske, ko ya nemo suna a wayarsa, ko ya gaya mini sau nawa aka ce a sha magani a jikin kwali. Sai in rubuta ko shi kaɗai ya yi, ko da taimako, ko da saura. Idan gwiwarsa ta yi sanyi, tsohon rubutun nan nake ɗauko masa ya kwatanta da na yau.

Ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. A shekarun 1950 marigayi Alhaji Ahmadu Coomassie ya ja ragamar yaƙi da jahilci a Arewa, hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, a Zariya tana buga ƙananan littattafai don sababbin masu karatu. Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta tarayya kuma ta zo a 1990. Roƙona ga waɗannan hukumomi da ƙungiyoyi masu tallafi: a ci gaba da ba da takardar shaida, don akwai matasan da ke son wucewa gaba, amma rabin makin ya fito daga abin da ɗalibi ya iya yi da karatunsa a kasuwa da gida. A kuma ƙara girman baƙaƙen takardar jarrabawa, a daina sa ta a tsakiyar damina ko cikin azumi.

Na gode.

Wani malamin ajin manya,
Kano.