Wanda ya sayi gida a Sakkwato ya fara da katanga da lungu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in ja hankalin masu sayen gidaje a cikin garin Sakkwato. Takardar cinikin da ake rubutawa gaban dillali yawanci cewa take yi: gabas gidan wane, yamma gidan wane, kudu hanya. Ba ta faɗin tsawo da faɗi, ba ta cewa katangar tsakani ta wane ce, balle ta ambaci lungu ko inda ruwa ke bi. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da sabon mai gida zai yi tarayya da maƙwabta a kansu, ko ya so ko bai so ba.

Mafi haɗari shi ne sashen gidan gado, kuma ya fi yawa a tsofaffin unguwanni irin su Kanwuri da Ƙofar Marke. Idan magaji ɗaya ya sayar maka da ɗakunan da yake zaune ciki alhali ba a raba gado ba, kasonsa ka saya, ba waɗannan ɗakunan ba, domin ba a san inda rabonsa zai faɗa ba tukuna. Sauran magada kuma suna da haƙƙin shufa'a: su mayar maka da kuɗin da ka biya, su karɓi kason. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa. Ɗan'uwa ɗaya da ke ci-rani a Legas ya isa ya dawo da ciniki baya bayan ka gama filasta. Saboda haka ka nemi takardar rabon gado daga kotu, in babu ita kowane magaji ya sa hannu, har da mata, waɗanda su aka fi mantawa. Maƙwabci dai ba shi da shufa'a a mazhabar Malikiyya. Yi masa tayi kara ce, ba dole ba.

Sai katanga. Ko dai taka ce, ko ta maƙwabci, ko ta ku biyu, kuma kallo daga tsakar gida ba ya nunawa. Dubi kusurwa: ginin da bulon katangar ya sarƙe da shi, shi ne alamar mai ita, kuma da irin wannan alama malaman fiƙihu suka ce a yi hukunci in babu shaidu. A sababbin unguwanni kamar Arkilla da Mabera, inda aka yanka fuloti, ka kira mai safiyo mai rajista ya nemo bikon, wato alamar iyakar da aka kafa a kusurwar fili, ya ja awo daga kansa. Kada a raina kaurin bulo. Katangar bulo mai inci 9 a tsawon ƙafa 100 tana cin ƙafa 75 murabba'i, ban da filasta. In ta tarayya ce, tsakiyarta ya kamata ya hau layin iyaka, kowa ya ba da rabi.

Abin da ya fi jawo faɗa shi ne mutum ya jingina ɗaki da katangar, ya ɗora mata rufi don ya rage kuɗin bango ɗaya. Hadisi ya kwaɗaitar da maƙwabci kada ya hana a kafa itace a bangonsa, amma a Malikiyya alƙali ba ya tilasta shi. Ga kuma matsalar gini: katangar shinge, musamman ta bulo mai inci 6, ba a yi mata harsashin ɗaukar rufi ba. Ta tsage, a rasa wanda zai biya. Gina naka bango daga cikin filinka ya fi arha nan gaba.

Ruwa ma haka. Bakin kwano ko indararo da ke zuba a gindin bangon ƙasa na maƙwabci zai cinye shi cikin ruwan Agusta. A sa gota ta tara ruwan, a sauko da shi ta fayif zuwa kwata. Sokawe kuwa, wato ramin da ruwan masai ke zuba, kada a haƙa kafin a tambayi inda rijiyar maƙwabci take. Masu ilimin tsaftar ruwa suna son tazarar mita 30, ko kaɗan kada ta gaza 15, alhali fulotin ƙafa 50 da 100 faɗinsa kusan mita 15 ne kawai. Ke nan da wuya mutum ya iya cika wannan tazara shi kaɗai, sai an zauna an daidaita: masai duka ta ɓangare ɗaya, rijiyoyi ta ɗaya ɓangaren.

Lungun da ba ya ɓullewa na masu ƙofa ne a cikinsa gaba ɗaya, ba wanda zai ci shi da dakali ko shago shi kaɗai. Ma'aunin da ya zo a hadisi idan an yi saɓani kan hanya zira'i bakwai ne, kusan mita uku da rabi.

Kunya ce ke cutar da mutanenmu a nan. Ka ga an shigo maka ƙafa biyu, ka ce ba ka son fara zama da rigima. To, akwai hukuncin hauzi: wanda ya riƙe wuri shekara 10, mai shi yana nan, ya sani, bai ce komai ba, ba a sauraron ƙarar mai wurin, in ba dangi ba ne. Shirun wanda ya sayar maka ma ana iya kawo shi hujja a kanka, don haka ka tambaye shi tun yaushe aka yi ginin.

Zama ɗaya a zaure ya isa, kafin a sauke yashi. A kira maƙwabtan kowane gefe, da mai unguwa, da liman, da mai safiyo. A rubuta awon kowane gefe, da mai kowace katanga, da yadda za a raba kuɗin gyara, da hanyar ruwa. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi, a ɗauki hoton bikon. Sai dai hatimin mai unguwa shaida ce, ba mallaka ba. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma sauya sunan mai satifiket, wato takardar izinin riƙe fili, yana bukatar amincewarsa ta hannun ma'aikatar filaye. Sabon gini kuma yana bukatar izinin hukumar tsara birane. In sulhu ya gagara kan filin da ke da satifiket ɗin gwamna, dokar ta ce Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumin shari'ar, kada a ɓata kuɗi da lokaci a kotun da ba ta da shi.

Naka,
Wani mai awon filaye, Sakkwato