Daga Kedah, da labarin babur

Assalamu alaikum, mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da amarya da yara. Ƙaninka ya faɗa mini ka ce tunda na haye teku na manta da masu cin tuwo. Haba dai, sassauta. Tambayarka kan takardun neman gurbin karatu zan zo kanta a wasiƙa ta gaba, amma bari in fara sauke abin da ke cina tun da na dawo, don in ba kai ba ban ga wanda zai gane ba.

Da aka ba mu hutu, ’yan ɗakinmu kowa ya nufi Kuala Lumpur. Ni kuwa na cusa ’yan kayana da darduma a jakar goyo, na hau mota zuwa Kuala Perlis, daga nan jirgin ruwa ya kai mu Langkawi cikin awa ɗaya da wani abu. Tsibirai 99 ne a jihar Kedah, arewacin Malesiya, dab da iyakar Tailan, amma kusan duk jama’ar a babban suke zaune. Na kama masauki a Pantai Cenang, irin na matafiya masu ƙaramin ƙarfi: ɗaki guda, gadaje masu hawa biyu, banɗaki na kowa da kowa. Yawancinsu samarin Turawa ne da ’yan mata, kowa da ƙatuwar jaka a baya, wasu sun yi watanni suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Ba su da raini, sai dai tambaya. Da asuba idan na shimfiɗa darduma sai su rage murya.

Washegari na ɗauki hayar babur. Ka nuna lasisi, ka ajiye kuɗin jingina, a miƙo maka makulli da hular kwano, shi ke nan. Roba-roba ne, babu giya, murɗawa kawai. Hular nan dole ce, ’yan sanda ba sa wasa da ita, sai na tuna ka da kake cewa tana lalata maka karin hula. A nan da tuni sun raba ka da kuɗin cefane! Kuma a hannun hagu suke tuƙi, irin yadda Baba yake ba mu labari ana yi a Najeriya kafin a sauya a 1972. Duk shatale-talen da na iso sai na rage gudu na bi bayan wani, har hannuna ya saba.

Kana barin bakin teku da shagunan ’yan yawon buɗe ido, sai ƙauye ya buɗe maka. Wallahi kai na fara tunawa. Fadamun shinkafa shar, ɓauna kwance cikin taɓo, balbela na bin su, gidajen katako a ɗage kan dirkoki saboda ruwa, bishiyoyin kwakwa a bayansu. Wajen Ulu Melaka na tsaya sallar azahar a wani ƙaramin masallaci, surau suke ce wa irinsa. Wani dattijo manomi ya riƙe ni da hira, rabi da baki rabi da hannu. Da na nuna masa hoton gonarka ta Bakolori a waya, ya daɗe yana kallo, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Bai taɓa jin ana noman shinkafa a ƙasarmu ba. Su yawanci watsa iri suke yi a jiƙaƙƙiyar ƙasa maimakon dashe, girbi kuma inji ne ke shiga ya yanke ya sussuke a tafi ɗaya. A can babban yankin Kedah, inda madatsun ruwan Muda ke ba su ruwa tun wajen 1970, sau biyu suke noma a shekara, shi ya sa ake kiran jihar rumbun shinkafar Malesiya. Ka ga abin da kake ta faɗa ke nan game da hanyoyin ruwanku, da za a riƙa yashe su a kan lokaci.

Dattijon ne ya tura ni Padang Matsirat, wurin da suke kira Beras Terbakar, wato ƙonanniyar shinkafa. A 1821 mayaƙan Siyam, wato Tailan ta yau, suka kawo hari, mutanen tsibirin suka ƙone rumbunansu don kada abokan gaba su samu abinci. Suna danganta wannan masifa da wata mata, Mahsuri, da aka yi wa ƙazafin zina aka kashe ta, wadda suka ce ta yi wa tsibirin baki har tsatso bakwai. Kabarinta na nan ana ziyarta. Da yawansu sun yarda wa’adin ya cika ne daidai lokacin da gwamnati ta cire wa tsibirin harajin kaya a 1987, baƙi suka fara kwarara. Labarin ya taɓa ni, don ƙazafi a ko’ina ɗaya yake.

Af, an ce mai shayin bakin layinku ya ƙara aure? Kuma wai kai ne babban aboki? Mutumin da kuka yi shekara ba kwa ga-maciji saboda bashin ƙwai! Ina jiran bayani dalla-dalla.

Na hau Gunung Raya, dutse mafi tsawo a tsibirin, mita 881. Hanyar kwalta ce amma kwana a kan kwana, birai zaune a tsakiyar titi ba su damu da hon ba, ga wasu manyan tsuntsaye dangin cilakowa suna shawagi a saman kurmi. A wajen saukowa ruwa ya ɓarke babu sallama, yadda yake yi musu a nan. Na fake a rumfar wata mai sayar da abinci, ta kawo mini shayi mai madara da zafinsa, ta ba ni leda in naɗe wayata.

To ga abin da na zaunar da kai dominsa. Ranar Juma’a da dare kasuwar dare ke ci a Ayer Hangat, can arewacin tsibirin, don kowane dare da garin da take ci. Na ci gasasshen kifi da shinkafa, na yi isha’i, sannan na kamo hanyar masauki. Hanya ce da ta ratsa gonakin roba da daji, wani wurin babu gida babu fitila sai ta babur ɗina. Ina cikin tafiya sai wata mata da hijabinta ta wuce ni a kan nata babur, ita kaɗai da yaro a gabanta, tana tafiyarta hankali kwance. A nan na lura kafaɗuna a sake suke, ba na waiwaye, ba na leƙen gindin bishiyoyi, ba na lissafin inda zan jefar da babur in shiga daji. Rabona da in ratsa jeji da dare zuciyata a kwance tun muna zuwa ƙauyen kawunka a kan tsohon babur ɗin nan naka, mu dawo bayan isha’i muna waƙa, kana kuskure baiti kana cewa iska ce. Sai da na tsaya gefen hanya na share hawaye.

Tun daga ranar hankalina yana kanka. Na san halinka, sai ka ga rana ta yi ja kake barin gona. Na tuna yadda muka yi a 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, ina neman labarinka babu hali. Don girman Allah, la’asar ta yi maka a gida. Kada ka riƙa tafiya kai kaɗai, kuma idan mutanen ƙauyen suka ce yau hanya ba ta da kyau, ka bar shinkafar nan ta kwana. Na faɗa wa amarya ma ta riƙa ɓoye makulli in ka ƙi ji, kuma ta amsa mini.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya. In ka samu gurbin nan ka zo, kai za ka tuƙa ni in zauna a baya, amma da hular kwano.

Akwai wani ɗan ajinmu da zai taso daga Kano ƙarshen wata, ƙaninka ya san gidansu. Ka roƙar mini Hajiya yaji da daddawa da kuka, a ɗaure da kyau saboda masu bincike a filin jirgi. Ka gaida ta sosai, ka ce ina neman addu’a, jarrabawa ta matso. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka na Kedah