Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jane Forbes Clark, Shugabar Zauren Gwarazan Besbol Na Cooperstown

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar Joe Jackson ce ta sa na ɗauki alƙalami. A watan Mayun 2025 Kwamishina Rob Manfred, shugaban babbar gasar besbol ta Amurka, ya cire sunansa daga jerin waɗanda aka haramta wa wasa har abada, shi kuwa ya kwanta dama tun 1951. Saura zaurenku, inda kwamiti zai zauna a Disamban 2027, kuma sai da ƙuri'a 12 cikin 16 ake shiga.

Ba sai na faɗa miki ko wane ne shi ba, amma ki ba ni dama saboda masu karatu. Yaro ne da aka kai masaƙar auduga a South Carolina tun yana ɗan ƙanƙane, bai samu karatu ba. An ce wata rana sabon takalmi ya yi masa bororo a ƙafa, ya cire shi ya shiga fili da safa, laƙabin "Shoeless", wato marar takalmi, ya bi shi har kabari. A 1911, cikakkiyar kakarsa ta farko a Cleveland, makin bugunsa .408 ne. Na tsawon rayuwarsa .356: cikin kowace shiga 1,000, sau 356 yake dukan ƙwallo ya kai tasha lafiya.

Sai 1919. Wasu 'yan Chicago White Sox, ƙungiyar da Jackson ya koma, suka sayar wa 'yan caca gasar World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, Cincinnati ta ɗauke kofi. Jackson ya karɓi dala 5,000, shi da bakinsa ya amsa a 1920. Duk da haka a wannan gasar ya yi bugu 12 da maki .375, kuma ba a rubuta masa kuskure ko ɗaya a tsaron fili ba. Kotu ta sallame su a 1921, kwamishinan lokacin, Landis, ya ce ko oho, ya kori su takwas.

Ni dai ba na cikin masu wanke shi tas. Wanda ya sa kuɗin 'yan caca a aljihu bai cika tsarki ba, ko da sandarsa ba ta ci amana ba. Amma hukuncin ya cinye sauran rayuwarsa, ya ƙare yana tsaron kanti a Greenville.

Roƙona, ranki ya daɗe, a sa sunansa a takardar zaɓe. In ya ci, a zana .356 a allonsa na tagulla, a zana dala 5,000 ɗin ma a ƙarƙashinsa.

Na gode,
Wani mai bibiyar tarihin wasan