Ɗan Kwikwiyon Da Kuka Sayo Ba Zai Rayu Da Ƙanzo Ba

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana kan abin da na san wasu masu karatu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba. Ni malamin dabbobi ne, na yi aikina na gama, kuma yawancinsa tsakanin shanu da tumaki da awaki na yi shi, daga ruga zuwa mayanka. Amma tun da na ajiye aiki na zauna a nan Kaduna, abin da aka fi ƙwanƙwasa mini ƙofa dominsa shi ne 'yan kwikwiyon nan masu gashi buzu-buzu da samari da 'yan mata ke saye ta Facebook da Instagram, waɗanda ake ce wa Lhasa ko Eskimo, jefi-jefi kuma Chihuahua. An zuba kuɗi masu yawa an sayo, sati biyu bai cika ba dabba ta langaɓe, ko kuma gida ya ɗauki zarni har uwargida ta rantse sai an fitar da shi.

Hukuncin ajiye kare a gida na malamai ne, kuma kowa ya san hadisi ya ambaci farauta da kiwo da gona a matsayin dalilan da aka yarda da su. Maƙwabtanmu Kiristoci kuma da nasu tsarin. Ni dai abin da na sani a bakin aikina shi ne, wanda ya riga ya ɗauko rai ya kawo gidansa ya ɗauki amana. Tun muna yara aka karanta mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Kuskuren farko tun wajen saye ake yin sa. Masu sayarwa na gaggawar karɓar kuɗi, sai su raba ɗan kwikwiyo da uwarsa yana sati huɗu ko biyar. Bai kamata a raba su ba sai ya cika sati 8, ƙananan nau'in nan ma in aka bar su suka kai sati 10 ko 12 ya fi. A waɗannan makonnin ne yake gama yaye, yake koyon ci daga kwano, yake kuma koya daga 'yan'uwansa cewa cizo da zafi. Mai saye ya nemi ganin uwar da idonsa, ya nemi katin rigakafi mai sa hannun likita. In mai sayarwa ya fara kame-kame, a bar masa kayansa.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta sa ni ɗaukar alƙalami. Mu mun tashi mun ga karen gida ana watsa masa ƙanzo da ragowar tuwo sau ɗaya a rana, sauran ya nema a bola ko a daji, kuma ya rayu ya yi farauta. Da wannan idon mutane ke kallon ɗan mitsitsin da suka sayo. Alhali Chihuahua ko ya gama girma nauyinsa tsakanin kilo 1.5 ne zuwa 3, ɗansa mai wata biyu kuwa sau da yawa ko kilo ɗaya bai kai ba. Cikinsa ba ya ɗaukar abinci da yawa a lokaci guda, hantarsa ba ta iya ajiye sukari mai yawa, ga shi jikinsa na ƙona abin da ya ci da sauri. Idan ya wuni bai ci ba, sukarin jininsa sai ya faɗi.

Kwanakin baya wani yaron unguwarmu, ɗan jami'a, ya shigo mini bayan la'asar da kwalin taliya a hannu, idonsa ya yi ja. Na buɗe na ga 'yar Lhasa fara a kwance, kanta ya karkace, jikinta na karkarwa, tafin ƙafarta sanyi ƙalau. Na ɗaga leɓenta, dasashin ya yi fari fat. Na tambaye shi yaushe rabonta da abinci, ya ce tun ɗumamen safe, shi ma lasa kawai ta yi, ya kulle ta a ɗaki ya tafi lacca. Na sa aka miƙo zuma, na laƙato da yatsa na goga mata a dasashi, muka naɗe ta da tsohon tawul. Kafin a kira magariba ta ɗaga kai tana neman yatsana. Na ce masa ya wuce da ita asibitin dabbobi a daren, domin zuma taimakon gaggawa ce kawai. Wanda abin ya same shi ya lura, shafawa ake yi a dasashi. Ba a ɗura ruwa ko madara a bakin dabbar da ba ta cikin hayyacinta, sai ya bi ta huhu.

Don haka ɗan kwikwiyo ƙaramin nau'i sau huɗu yake ci a rana har ya kai wata uku zuwa huɗu, sannan sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Na kan ce wa mutanenmu kada su wahalar da kansu da agogo: bayan asuba, kafin azahar, bayan la'asar, sai kuma bayan magariba. A ajiye kwano minti 15, abin da ya rage a ɗauke. Ruwa mai tsabta kuwa ya zauna a gabansa duk wuni.

Abincin buhu da aka rubuta na 'yan kwikwiyo ne, mai ƙananan ƙwayoyi, shi ya fi sauƙi, a jiƙa shi da ruwan ɗumi a farkon makonni. Na san tsadarsa yanzu, kuma ban ga laifin mai dafawa a gida ba: shinkafa mai laushi, naman kaza ko kifi da aka cire wa ƙashi da ƙaya, dafaffen ƙwai, ɗan karas ko kabewa. Amma a dafa masa nasa daban, kuma a tambayi likita abin da za a ƙara na sinadarin ƙashi, domin ɗan kwikwiyon da ya tashi a kan shinkafa da tsoka zalla ƙafafunsa kan lanƙwashe. In za a canja masa abinci, a yi a hankali cikin mako guda, ana gauraya sabo da tsoho.

Tukunyarmu ta gida kuwa haɗari ce gare shi. Wace miya ce a ƙasar nan ba albasa? Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma abin da babban kare zai ci ya sha da ƙyar, ɗan kilo ɗaya ba zai kai labari ba. Ga gishiri, ga magi, ga barkono. Tsire da kilishi da ake jefa masa don sha'awa duk yaji ne. Cakulan guba ne a gare shi, kuma abin da mutane ba su cika sani ba, goro ma na ɗauke da irin sinadaran da ke cikin cakulan da kofi, saboda haka kakanni masu barin ɓarin goro a kan tabarma su kula. Inabi da zabibi na lalata ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake yi ya soki hanji. Madarar shanu da mutane ke ganin gata ce, yawanci zawo take sa su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai ɓallo farasitamol ko ibuprofen daga cikin maganinsa ya ba dabba don ta yi zazzaɓi. Wannan kisa ne da hannunka.

To, sai fitsari da kashi, inda ake yawan raba gari tsakanin kare da masu gida.

Ɗan kwikwiyo mai wata biyu ba ya iya riƙe fitsari na dogon lokaci. Ƙiyasin da masu aikin ke bi shi ne kamar awa ɗaya ga kowane wata na shekarunsa, wato mai wata uku ya riƙe kamar awa uku, ƙananan nau'in ma ba su cika kai hakan ba saboda ƙanƙantar mafitsara. Idan ka kulle shi tun safe har yamma ka dawo ka tarar ya ɓata ɗaki, shi bai yi laifin komai ba.

Abin yi ba wuya gare shi, naci kawai yake so. A zaɓi wuri ɗaya a cikin gida, can gefen tsakar gida kusa da rariya, inda siminti ne mai wankuwa, nesa da madafa da inda ake alwala. Da ya farka daga barci a ɗauke shi a kai shi can. Da ya gama cin abinci, cikin minti 5 zuwa 30 cikinsa zai motsa, a kai shi. Bayan wasa a kai shi, kafin a kwanta a kai shi, a farkon makonni ma sai an tashi da dare sau ɗaya ko biyu. Ka tsaya tare da shi, ka riƙa faɗin kalma ɗaya tak, kullum ita. Yana gamawa, nan take, ka yaba masa ka ba shi ɗan guntun nama kamar ƙwayar wake. In ka bari sai kun koma ciki, ya riga ya manta abin da ake yaba masa a kai. Kafin ya yi kuma yana ba da alama: zai fara shinshinar ƙasa, ya yi ta zagaye wuri ɗaya, ko ya bar wasa farat ɗaya ya nufi lungu.

Kare ba ya son ɓata makwancinsa, wannan ɗabi'arsa ce tun daga ramin uwarsa. Shi ya sa keji ke taimakawa, wanda zai iya miƙewa tsaye a ciki, ya juya, ya kwanta. In ya yi faɗi da yawa zai mai da ɓangare ɗaya makewayi. Kejin na barci ne da ɗan lokacin da ba mai sa masa ido, kada a mai da shi kurkukun wuni. Kada kuma a sakar masa gida gaba ɗaya tun ranar farko. A tsare shi a baranda ko ɗaki ɗaya mai tayil, a naɗe darduma da sallaya, ɗakunan da ba a so ya shiga a rufe su tun yanzu, ya tashi a kan haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duka kuwa, da dangwala masa hanci a cikin fitsarinsa kamar yadda ake gaya wa mutane, ɓata tarbiyyar suke yi. Akwai wani gida a layinmu da maigadi ke bin ɗan Eskimo da tsintsiya duk lokacin da ya ga jiƙa a ƙasa. Abin da dabbar ta koya shi ne kada ta yi fitsari a gaban mutum. Sai a fita da ita waje a yi ta tsayuwa, ta ƙi yi, ana komawa ciki ta lallaɓa bayan kujera ta tsuguna. Sai da aka ajiye tsintsiyar aka koma tun farko sannan aka samu kanta. In ka kama shi yana cikin yi, tafa hannu sau ɗaya ka ɗauke shi zuwa wurinsa. In ka tarar an riga an yi, wanke kawai za ka yi. Wankin ma a yi shi sosai da sabulu, a bi da ruwan khal, domin hancinsa na jin abin da naka ba ya ji, kuma inda ya ji warin fitsarinsa nan zai koma. Wasu kan ɗiga fitsari don murna ko tsoro idan maigida ya dawo, wannan da kansa yake wucewa. Amma mai yawan tsugunawa yana ɗigo kaɗan-kaɗan, ko da jini, likita yake buƙata. Yawanci sai an yi wata huɗu zuwa shida ana wannan naci, wasu ƙananan ma su kusa shekara.

Tsabtar wurin ba don hancin baƙi kaɗai ba ce. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke zuba ƙwai a busasshiyar ƙasa mai inuwa da fitsari ko kashi ya taɓa, tsutsarsa ta huda fatar ɗan kwikwiyo ta zauna ciki kamar maruru. Kashin ɗan kwikwiyon kuma na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke kama yaran da ke wasa da ƙasa suna kai hannu baki. A kwashe kashi kullum, a ba shi maganin tsutsa duk sati biyu har ya cika sati 8, sannan duk wata har wata shida, yara su wanke hannu bayan sun taɓa shi.

Kada a fita da shi titi sai ya gama alluransa. Ta farko tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati uku ko huɗu har ya kai sati 16. Cutar parvo, mai sa amai da zawon jini, ƙwayarta kan yi watanni a ƙasa tana jira, har a takalmi ana shigo da ita gida. Allurar haukan kare kuma a wata uku, kuma wannan ba ta da ƙarami ba ta da babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare take zuwa. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Don lafiyar karen kuwa, muna da cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tun 1924, muna da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga na jihohi, saboda haka ba a rasa wurin zuwa ba.

Wani abu da masu sha'awar Lhasa ke mantawa: asalinsa daga tsaunukan Tibet ne masu sanyi, gashin nan don can aka yi shi. A zafin Maris da Afrilu a rage masa gashi, a ajiye shi a inuwa, kada a bar shi cikin mota ko na minti kaɗan. Da hunturu kuma ɗan ƙarami ba ya jure sanyin siminti da dare, a shimfiɗa masa tsumma.

Edita, roƙona gare ku biyu ne. Ku ɗan ware fili, ko sau ɗaya a wata, wani likitan dabbobi mai ci ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, na kaji da awaki da karnuka duka. Sannan idan 28 ga Satumba ta matso, ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, ku tuntuɓi ma'aikatun gona na jihohinmu ku buga mana wuraren da za a yi allura da ranakun, tun da sauran mako guda ko biyu, don mutanen unguwanni da ƙauyuka su samu su shirya.

Na gode.

Naku,
Tsohon malamin dabbobi,
Kaduna.