Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Ɗalibanmu a Jami'ar Wiskonsin da ke Madison

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da ƙungiya ta gudanar daga Agusta zuwa Mayu, wato zangunan karatu biyu. Da muka zauna muka duba koke-koken da aka kawo mana, sai muka ga kusan dukkansu tushensu ɗaya: ranar da ya kamata a yi abu ta zo ta wuce, mai abin bai ankara ba. Don haka aikin bana ya bi kalandar jami'a ne, wata bayan wata.

Tarba da masauki

Mai bizar karatu ta F-1 ba ya shigowa Amurka fiye da kwana 30 kafin ranar fara karatu da ke kan fom ɗinsa na I-20, takardar da jami'a ke ba ɗalibi don neman biza. Yawancin sababbinmu a Shikago suke sauka, su hau bas na kimanin awa uku zuwa Madison, kuma membobi sun yi karɓa-karɓa wajen tarbarsu a tasha. Inda aka sha wahala shi ne gidan haya. A unguwannin da ke kewaye da jami'a, yarjejeniyar haya galibi tana ƙarewa ran 14 ga Agusta, sabuwa ta fara ran 15. Mutum ya fitar da kayansa, sabon ɗaki kuma ba a ba shi makulli ba, sai ya kwana guda ba wurin sa haƙarƙari. Waɗanda ba su sauya gida ba ne suka sauki sauran a daren, Allah ya saka musu.

Mun kuma ja hankali kan kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa. A dokar jihar, ɗan haya na da kwana 7 bayan shigarsa ya rubuta duk wata ɓarna da ya tarar, mai gida kuma na da kwana 21 bayan fitarsa ya mayar da kuɗin ko ya rubuta dalilin abin da ya zaftare. Waɗanda aka zaftare wa da yawa, su ne waɗanda ba su ɗauki hoton bango da darduma da murhu a ranar shiga ba. Masu iyali da ke son Eagle Heights, gidajen jami'a na manyan ɗalibai (masu digiri na biyu ko na uku), su nema da zarar takardar shiga ta fito, domin ana bin layi.

Kiredit da maki

Nan ne muka fi ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Ɗalibin digiri na farko dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin darussa) a zango, na digiri na biyu ko na uku kiredit 8, wanda ya gama kwasa-kwasai ya koma rubuta kundin dakta kiredit 3. Daga cikin wannan adadi, kiredit 3 kawai na darasin intanet ake ƙirgawa. Haɗarin yana tsakiyar zango. Darasi ya yi wa mutum tsauri, ya shiga manhaja ya sauke shi da dannawa ɗaya, kiredit ya faɗo ƙasa da ƙa'ida, matsayinsa na biza ya shiga matsala. Izini daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje ake fara samu, sannan a sauke. In an juya wannan jerin, gyaran yana da tsada da cin lokaci.

Tsarin maki na wannan jami'a ya bambanta da na wurare da yawa. Babu A da ragi ko B da ƙari. Akwai A mai maki 4, AB 3.5, B 3, BC 2.5, C 2, D 1. Babban ɗalibi kuwa ana son matsakaicin makinsa kada ya gaza 3.0. Wanda ya ɗauki darussa uku masu kiredit 3 kowanne, ya ci B biyu da BC ɗaya, ya faɗo 2.83, alhali shi a ganinsa bai faɗi komai ba. Mun yi zama biyu a kan wannan lissafi kaɗai, ɗaya a Satumba, ɗaya kafin jarrabawar tsakiyar zango.

Ga masu aikin taimakon malami ko na bincike: aikin da ya kai kashi 33.3 cikin ɗari na cikakken aiki yana ɗauke kuɗin makaranta, amma bai ɗauke sauran kuɗaɗen hidimar ɗalibai ba, su daga aljihu ake biya. Aikin kashi 50 kuma daidai yake da awa 20 a mako, wanda shi ne iyakar abin da biza ta halatta lokacin karatu. Mai irin wannan aiki ba shi da sarari ya ƙara ko awa ɗaya a ɗakin cin abinci.

Batun ɗauko maganar wani a saka a rubutu ba tare da ambaton mai ita ba ya taso fiye da sau ɗaya. Sauya kalma biyu a jimla bai mayar da ita taka ba. Cibiyar koyar da rubutu da ke ginin Helen C. White kyauta ce, sai dai gurbinta na cikewa a makonnin ƙarshe.

Ibada da hunturu

Ƙa'idar jami'a ta ba ɗalibi damar a sauya masa ranar jarrabawa ko aiki in ta ci karo da ranar ibada, muddin ya sanar da malami cikin makonni biyun farko na zango. Mun tsara gajeriyar wasiƙa da kowa zai cike. Da yake ranar sallah na iya motsawa da kwana guda, mun ba da shawarar a rubuta ranakun biyu. A Disamba rana kan faɗi kafin huɗu da rabi na yamma, ta yadda azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin lokacin lakca, saboda haka muka raba jadawalin salla tun ranar Lahadin farko ta Nuwamba da ake mayar da agogo baya.

Mun tattara rigunan sanyi da takalma daga masu kammalawa muka raba. Gargaɗi biyu muke maimaitawa. Mai tafiya hutun Disamba kada ya kashe na'urar ɗumama ɗaki, ya bar ta wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, in ba haka ba ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi, kuɗin gyara ya hau kansa. Tafkin Mendota kuma yana daskarewa, ana yawo a kansa, amma ƙanƙarar da ba ta kai kaurin santimita 10 ba ba ta ɗaukar mutum, kuma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina.

Zagayen tarihi

A Oktoba mun zaga da sababbi. An kafa jami'ar a 1848, shekarar da Wiskonsin ta zama jiha, aka fara aji ran 5 ga Fabrairu 1849 da ɗalibai 17. Mun hau tudun Bascom, muka tsaya a North Hall, gini mafi tsufa, na 1851. Ƙasar da jami'ar take kai ta mutanen Ho-Chunk ce, 'yan asalin yankin, an tilasta musu sallama ta a yarjejeniyar 1832, kuma tuddan ƙasa da mutanen zamanin dā suka gina har yanzu suna nan a harabar. A 1866 jami'ar ta shiga sahun jami'o'in da aka ba fili ƙarƙashin dokar Morrill ta 1862, wanda shi ne asalin ƙarfinta a noma. A nan Stephen Babcock ya fito da hanyar auna maiƙon madara a 1890, daga ɗakin binciken Karl Paul Link kuma maganin hana daskarewar jini, warfarin, ya fito. Mun ƙare a ginin Van Hise, mazaunin sashen da aka kafa a 1964 don harsuna da adabin Afirka, inda marigayi Neil Skinner ya daɗe yana koyar da Hausa.

Takardun bazara

Galibi mai F-1 yana cike fom 8843 na hukumar haraji ko bai samu ko sisi ba, wanda ya yi aiki kuma ya shigar da takardar haraji kafin 15 ga Afrilu. Masu zuwa gida su duba sa hannun tafiya a I-20, shekara ɗaya yake yi. Sauya adireshi ana sanarwa cikin kwana 10. Masu neman OPT, wato izinin aiki a fannin da suka karanta, na iya nema tun saura kwana 90 su kammala, kuma dole takardar ta isa cikin kwana 30 da ba da shawarar ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

Abin da bai yiwu ba

Ajin Hausa na yara bai ɗore ba. Mun sa shi ranar Asabar, ranakun wasan ƙwallo a filin Camp Randall kuwa hanya kan cushe, wurin ajiye mota ya yi wuya, iyaye suka daina zuwa. Kwamiti na ba da shawarar a mayar da shi Lahadi bayan azahar. Kuɗin wata-wata ma bai shigo yadda aka tsara ba. Ma'aji zai raba cikakken lissafi da rasit a babban taro.

Abubuwa uku ke jiran ƙuri'arku a taron: ranar ajin yara, neman ɗakin ajiyar kayan sanyi tsakanin Mayu da Oktoba, da zaɓen sabon kwamiti. Masu iya saukar baƙi a daren 14 ga Agusta su ba sakatare sunansu kafin a tashi.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa