Ga Ɗana Mai Tuƙa Keke Napep: Amsar Tambayarka a Kan Zabura

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

A taron matasan ikilisiya da ya gabata ka miƙe a gaban jama'a ka yi mini tambaya, lokaci ya ƙure, na ce zan amsa a rubuce. Ka ce: "Baba, waƙoƙin nan na Zabura an yi su ne kusan shekara dubu uku da suka wuce, a ƙasar da ban taɓa gani ba. Ni da nake fita da asuba da keke don in haɗa balas in ciyar da gida, me za su tsinana mini? Abin da na sani shi ne a karanta 91 don tsari, a karanta 35 da 109 a kan maƙiyi. Ban da wannan, mene ne amfaninsu?" Da ka zauna na ga matasa da yawa suna gyaɗa kai, shi ya sa na fitar da amsar fili.

Rabin tambayarka na ƙarshe ya fi damuna, don haka da shi zan fara. Mun mayar da Zabura kantin magani: ciwon tsoro a miƙo 91, ciwon maƙiyi a miƙo 35, sauran kuwa a bar su suna shan ƙura. Na sha shiga ɗaki in tarar da Littafi Mai Tsarki a buɗe a kan Zabura 91 kusa da matashin kai, shafin ya yi ja saboda daɗewa a buɗe, sauran shafukan fari tas. Wannan laya ce, ɗana, ko da babu fata da zare. Ka buɗe Matiyu sura 4 ka ga wanda ya yi irin wannan amfani da Zabura 91. Iblis ne. Ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, ai a rubuce yake mala'iku za su tallabe shi. Ayar gaskiya ce, amma Yesu ya ce masa kada a gwada Ubangiji Allah. Wanda ya karanta 91 da safe sannan ya fita da keken da birkinsa ba ya kamawa, gwaji yake yi, ba dogara ba.

Ba cewa nake ka daina karanta ta ba. Ina ƙaunarta ƙwarai. Amma littafin da ya ƙunshi 91 shi ne kuma ya ƙunshi 44, inda mutanen Allah suke cewa ba su manta da shi ba, ba su karya alkawari ba, duk da haka saboda shi ake kashe su yini zubur, an ɗauke su kamar tumakin yanka. Bulus ya ɗauko wannan aya ya sa ta a Romawa sura 8, a daidai wurin da yake cewa babu abin da zai raba mu da ƙaunar Almasihu. 'Yan'uwanmu na ikilisiyar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Borno da Adamawa, waɗanda aka ƙona wa majami'u aka kwashe wa 'ya'ya mata a Chibok a 2014, sun san 91 ba su kasa mu ba. In 91 kaɗai muka koya wa mutum, ranar da masifa ta same shi sai ya ce ko dai Allah ya yi ƙarya, ko kuwa shi ne ba shi da bangaskiya. Wanda ya saba da 44 yana da abin da zai faɗa wa Allah a wannan rana.

Amfanin Zabura ke nan a wurina: tana koya wa bakin mutum faɗa wa Allah gaskiya. Ka saurari addu'o'inmu. Mun gode, ka ba mu, ka tsare mu, amin. Mutum yana tafasa a ciki, amma da ya rufe ido sai ya sa muryar ladabi, kamar Allah bai ga abin da ke zuciyarsa ba. Tarbiyyarmu ta kunya da kara ta bi mu har gaban Ubangiji. Mawaƙan Zabura ba haka suke ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waƙoƙin nan 150 kuka ne da ƙorafi. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe?" sau huɗu cikin ayoyi biyu. A 73 mawaƙi Asaf ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame, don ya ga mugaye suna ƙiba suna ƙara dukiya, shi kuwa da ya tsabtace zuciyarsa wahala yake sha kowace safiya. Gaya mini, wane direba ne bai taɓa jin haka ba, sa'ad da motar wanda kowa ya san yadda ya tara kuɗinsa ta watsa masa ruwan kwata ta wuce? Zabura 88 ma ba ta ƙare da ta'aziyya ba sam, ta ƙare ne da duhu, kuma aka bar ta haka cikin Littafi Mai Tsarki. Allah ne ya ba mu izinin yi masa magana irin wannan.

Batun tsufansu ba zai ɗauke mu lokaci ba. Dawuda ya yi mulki wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu, Zabura 137 kuwa an yi ta ne bayan Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Ɗaruruwan shekaru ke tsakaninsu, amma cin amana da bashi da tsoron dare ba su canza ba, har yau ma ba su canza ba. Dawuda ya yi Zabura 3 yana gudun ɗansa Absalom. Ya yi 51 bayan annabi Natan ya tsare shi a kan Batsheba da jinin mijinta Uriya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, da waɗannan waƙoƙi Yesu kansa ya yi addu'a. A kan gicciye, da 22 ya yi kuka: "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Da 31 ya miƙa ruhunsa. Bulus da Sila suna kurkuku a Filibi, ƙafafu a turu, da tsakar dare suna raira yabo. Abin da mutum ya riga ya haddace ne yake fitowa a irin wannan sa'a.

Yanzu ga 35 da 109, da 137 mai maganar fyaɗa jarirai a kan dutse. Ba zan ɓoye maka ba, kalmomi ne masu tayar da tsikar jiki. A 109 mai waƙar yana roƙo 'ya'yan maƙiyinsa su zama marayu, matarsa ta zama gwauruwa. Wasu malamai sukan ce a tsallake su. Ban yarda ba. Matar da aka kashe wa miji a gona tana da irin wannan wuta a ƙirjinta ko mun so ko mun ƙi, in ba ta kai ta gaban Allah ba za ta kai ta wani wuri, ko ta zuba ta a kunnen 'ya'yanta su girma da ita. Amma ka lura da abin da mai waƙar ya yi: bai ɗauki takobi ba, ƙara ya shigar, ya bar hukunci a hannun Alƙali. Shi ne abin da Romawa 12 ta ce, ɗaukar fansa ta Ubangiji ce. Ka kuma dubi 139. Nan take bayan ya ce yana ƙin maƙiyan Allah da matuƙar ƙiyayya, sai ya juya ya ce: ka bincike ni, ya Allah, ka ga ko akwai muguwar hanya a cikina. Wanda ya shigar da ƙara ya yarda a bincike shi shi ma.

Wannan daban yake da abin da ake yi yau, a rubuta sunan kishiya ko abokin sana'a a takarda, a tashi da tsakar dare a karanta masa 109 sau bakwai. Jifa ke nan, kuma sa ayar Littafi a ciki bai tsarkake shi ba. Wanda ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, shi ne Ubangijinmu. In fushi ya cika ka, karanta 35 har ƙarshe, faɗa wa Allah duk abin da aka yi maka, kada ka rage komai. Sannan ka ɗora Addu'ar Ubangiji a kai, ka tsaya sosai a wurin gafarta wa masu yi mana laifi. Wata rana bakinka zai yi nauyi a wurin. Ka faɗa duk da haka.

To, yaya za ka yi da su a aikace? Ka bi su a jere, daga 1 zuwa 150, kada ka zaɓa. Ikilisiya ta daɗe tana haka. A ƙarni na 6 Benedikt, shugaban 'yan zuhudu, ya tsara wa almajiransa su raira dukan Zabura cikin mako guda. Littafin addu'a na Angalika, tun daga 1549, ya rarraba ta safe da yamma a gama cikin wata ɗaya. Tun kafin su ma, Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana, kuma Kiristocin farko an koya musu yin Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suka san Zabura a matsayin littafin da aka ba Annabi Dawuda, lokutan salla ne suke tsara musu yini. Mu ne muka bar addu'a sai in ta zo mana a rai. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau kuwa yana cikin wayar da ke aljihunka.

Ba na ce ka zama ɗan zuhudu ba. Waƙa ɗaya da asuba kafin ka tayar da keke, ɗaya da dare bayan ka kai balas. Cikin kamar wata uku ka zagaye littafin. 119 mai aya 176 sai ka yanka ta takwas-takwas yadda aka tsara ta. Ka karanta da murya, waƙa ce, matarka da yara su ji. Da sannu za ka tarar tana shiga sana'arka ba sallama. Zabura 15 ta ce mai zama a alfarwar Allah yakan cika alkawari ko da zai yi hasara. Za ta faɗo maka ranar da fasinja ya manta waya a kujerar baya, ko ranar da ka yi wa wani alkawarin ɗauka sannan aka yi maka tayi mai tsoka. Zabura 141 tana roƙon a sa wa baki mai tsaro, ka kuwa san abin da ke fita daga bakunan direbobi in hanya ta cunkushe. Zabura 127 za ta tsawata maka a kan tashin asuba da kwanan dare da cin abincin fargaba, kamar kai ne kake riƙe da gidanka.

Wata safiya za ka tashi cikin farin ciki jeri ya kai ka kan 88, ko ka tashi da baƙin ciki ya kai ka kan 150 mai bushe-bushe da kaɗe-kaɗe. Kada ka tsallake. In ba taka ba ce yau, ta wani ce: wanda ke kwance a asibiti, wanda 'yan bindiga ke riƙe da ɗansa, ko wadda ta sauka lafiya jiya. Ka kira sunansa, ka karanta ta a madadinsa.

Ka fara gobe da Zabura 1. In ka kai 44 ka neme ni bayan sujada mu zauna, ina so in ji abin da za ka ce. Ka gai da mai ɗakinka da yara.

Naka cikin Almasihu,
Babanka a ikilisiya